Abin da ke riƙe da gini da abin da ke kada shi: jawabin magatakarda a taron cika shekara

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwa da kuka taso daga Maraɗi, Damagaram, Ƙonni, Katsina, Jibiya, Illela, Maigatari da Kano, barkanku da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana.

Da kwamiti ya ce in yi magana yau, na san abin da yawancinku ke jira shi ne lissafin kuɗin wata da sunayen waɗanda ba su biya ba. Wannan yana hannun Ma'aji, zai karanto shi bayan azahar, kowa ya shirya. Ni na roƙi a bar ni in yi magana a kan gini, domin cikin abubuwan da za mu kaɗa wa ƙuri'a yau akwai shawarar ɗora bene a kan siton ƙungiya, wanda 'yan'uwanmu na wannan ɓangare ke kira mangaza. Ni ba injiniya ba ne, karatuna a sakandare ya tsaya. Amma takardun neman taimako ta teburina suke bi, kuma a daminar 2024 na rubuta labarin bangon da ya faɗi a kan kaya fiye da yadda na rubuta na gobara ko na sata. Abin ya dame ni, sai na shiga tambayar tsofaffin magina da wani injiniya ɗan ɗaya daga cikin dattawanmu, na kuma karanta abin da na samu. Shi ne na kawo muku.

Zan fara da Agadas, tunda da yawa a cikinmu sun kai kaya can. Duk wanda ya doshi garin, hasumiyar babban masallaci yake fara hangowa. Tsayinta kusan mita 27, kuma da ƙasa aka gina ta, babu siminti babu rodi. Asalin masallacin tun wajen 1515 ne, an sake gina hasumiyar a 1844, a 2013 kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. To me ya riƙe ƙasa zalla ta kai wannan tsawo, alhali mu bangon bulo na mita uku yana gagararmu?

Ku tuna siffarta. Gindinta faɗi gare shi, tana hawa tana tsukewa, har can sama ta zama 'yar siririya. Kowane sashe na bango yana ɗauke da nauyin duk abin da ke bisansa, don haka na ƙasa shi ya fi shan wahala, shi aka fi ba kauri. Na sama ba ya ɗauke da komai sai kansa, sai aka rage masa jiki don kada ya zame wa na ƙasa kaya. Kuma da yake bangayen huɗu duk ciki suka karkata, kowanne yana jingine da ɗan'uwansa. Itatuwan nan da kuke gani sun fito ta ko'ina kamar ƙaya, wasu na ɗauka ado ne. Aiki biyu suke yi: suna ɗaure bangayen da juna ta ciki, suna kuma zama matakala ga masu hawa su yi yaɓe.

Injiniyan ya ba ni wata ƙa'ida da ta buɗe mini ido. Ya ce ƙasa, da dutse, da bulo, har da kankare, duk halinsu ɗaya: suna jure danni, ba sa jure ja. Ka ɗauki tubali ka tsaya a kansa, ba abin da zai same shi. Ka ɗora bakinsa biyu a kan duwatsu ka taka tsakiya, nan take zai karye, saboda cikinsa na ƙasa ya shiga ja. Shi kuwa itace da ƙarfe suna jure ja. Duk fasahar gini, ta da da ta yanzu, ta taru ne a kan yadda za a bar ƙasa ko kankare a wurin danni, a sa itace ko ƙarfe a wurin ja.

Maginanmu na da sun san wannan sarai, ko da ba su faɗe shi da wannan lafazi ba. Tubalinsu mai gindi ne da tsini, ana jera shi tsinin yana kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, layi na gaba ya zauna cikin gurbin na ƙasa. Ba a kwaɓa ƙasa yau a yi gini da ita yau. Ana zuba mata ciyawa, a tattake, a bar ta kwanaki ta ruɓa, a sake jiƙawa a tattake. Ciyawar nan ita ke hana ta tsagewa in ta bushe. Bango kuma ba a tashinsa rana ɗaya, sai layin ƙasa ya sha iska kafin a ɗora masa wani.

In aka zo rufi sai azara ta shigo, wadda ake faskarawa daga giginya, saboda ƙarfinta da kuma yadda gara ba ta cika cin ta ba. Amma azara ma tana da iyaka. In tazarar da za ta ƙetare ta kai wajen mita biyu, ga nauyin ƙasar rufi a kanta, sai ta fara lanƙwasa. Shi ya sa ɗakunan da suke da ƙunci. Da sarakuna da attajirai suka buƙaci zaure mai faɗi, magina suka fito da bakan gizo. Ana kafa azara cikin bango ta leƙo kaɗan, a ɗaure ta da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe. Sai a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa tana karkata, haka daga wannan bango, haka daga wancan, har su haɗu a tsakiya. In bakuna biyu suka gitta juna aka yi ɗaurin guga, sai tazarar da ta rage ta zama 'yar kaɗan wadda azara ɗaya za ta iya. Wato sun raba babbar tazara zuwa ƙanana. Abin da rodi ke yi a cikin dekin yau, shi azara ke yi a cikin bakan gizo tun kafin a haifi kakanninmu.

Wanda ya kai wannan sana'a ƙololuwa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Har gobe akwai unguwa a Zariya mai sunan Babban Gwani, kuma masu karatun zanen gini sun sha zuwa daga ƙasashe su auna bakunan da ya ɗaura.

Sauran dabarun duk na yaƙi da ruwa ne, don ruwa shi ne babban abokin gabar ginin ƙasa. Indararo ana yin sa da tsawo don ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ana shafa ta don ruwa ya zame. Laso kuwa haɗi ne na katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Ku lura, sharar marina da ta majema ita ce maganin rufin soro, sana'a tana ciyar da sana'a. Sannan uwa uba yaɓe. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacinsu na ƙasa, wanda ginin yanzu na 1907 ne, kowace shekara gari ke fitowa kwansu da kwarkwatarsu a yaɓe shi, maza na hawa, mata na kawo ruwa, yara na ɗauko ƙasa. Su a wurinsu gini ba ya ƙarewa ranar da aka buɗe shi.

Yanzu in juyo ga faɗuwa, don ita ce ta tsayar da ni a nan.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar la'asar, wani sashe na masallacin nan na Zariya ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Fadar Zazzau da kanta ta bayyana cewa an ga tsaga a bango kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi. A watan Satumba na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, shi ma ya zube. Wasunku da ke zaune a nan sun yi salla a cikinsa. Agadas ɗin ma da ruwa bai dame ta ba, a Satumba 2009 ƙoramar Telwa ta ɓalle cikin dare ta narkar da gidaje masu yawan gaske.

Na ji masu cewa ai wannan ya nuna zamanin ginin ƙasa ya wuce, a koma siminti a huta. Ban yarda da wannan magana ba, kuma ga dalilina. Ranar 24 ga Afrilu 2013, a wajen birnin Dakka na ƙasar Bangaladash, wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza ya rushe, mutum 1,134 suka mutu. Siminti ne da rodi, bai ma daɗe da ginawa ba. An tsara shi ne don shaguna da ofisoshi, sai aka ƙara masa hawa a sama ba tare da izini ba, aka cika shi da masana'antun ɗinki, aka hau da manyan janareto sama. Kwana ɗaya kafin ya faɗi tsaga ta bayyana, kowa ya gani. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe. Masu ɗinki kuwa aka ce su koma bakin aiki, akwai odar da za a cika. Da safe wuta ta ɗauke, aka tayar da janareto, ginin ya girgiza ya zauna. Masu sayar da gwanjo a cikinmu, ku duba wuyan rigunan da ke dilarku, da yawa sunan wannan ƙasa za ku gani. Ba sai mun je nesa ba ma: a ƙarshen Agusta 2022 bene ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano, ana cikin aikin gininsa, ga mutane suna ciniki a wurin.

Akwai wani labari da ya burge ni daga Masar. A Dahshur, kudu da Alƙahira, akwai wata dala da aka gina wa Fir'auna Sinefaru fiye da shekara 4,500 da suka wuce. An fara ta a miƙe sosai, kusan digiri 54, amma da aka kai wajen rabi sai aka kwantar da ita zuwa kusan digiri 43, shi ya sa in ka gan ta kamar an tanƙwara ta. Yawancin masana suna ganin tsaga ce ta fara bayyana a ciki, magina suka rage nauyin da ya saura. Ku duba, aikin Fir'auna ne, mutumin da ba a ce masa a'a, amma aka canja tsari a tsakiyar aiki. Ta fito a karkace, tana nan tsaye har yau.

To mu dawo gida. Da na bi takardun da suka zo mini ɗaya bayan ɗaya, na je na ga wasu wuraren da idona, sai na tarar yawancin bangayen ba ta sama suka mutu ba, ta gindi ne. An ɗaga titi ya fi daɓen shago tsawo, kwata ta cika da leda, ruwa ya kwana yana jiƙa tushe. Bangon ƙasa in gindinsa ya jiƙa, ƙarfinsa na jure danni ya tafi, nauyin kansa ma ya ishe shi. Wasu kuma gyara ne ya cuce su. Mutum ya sami kuɗi, ya yi wa bangon ƙasa filasta da siminti don ya yi kyau. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar, sannan ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, ciki kuwa kunu. Yaɓen ƙasa ko banza yana barin bango ya sha iska, kuma in ya lalace ido na gani.

Sai kuma laifin da yake namu na 'yan kasuwa. Kun tuna lokacin da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023. Kaya ya tsaya, kowa ya cusa abin da ya iya a inda ya samu, har rufi. Buhun da aka jingina da bango tura shi yake yi gefe, kuma na faɗa muku bango danni yake jurewa. Akwai wani ɗan'uwanmu, ba zan kama suna ba, da ya jera wake har sama a jikin bangon da ya raba shi da maƙwabcinsa. Bangon ya faɗa cikin shagon maƙwabci da dare. Allah ya kiyaye yaron shagon ya tafi kallon ƙwallo, da a nan yake kwana. Sulhun wannan magana ya ci mana wata biyu. Masu gishiri da kanwa da takin zamani kuma ku sani, waɗannan kaya suna jawo laima, gishirinsu yana ratsa kankare ya kai ga rodi. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa kankaren da ke lulluɓe da shi ta ciki. In ka ga dekin yana zubar da ɓawo, ga jan ƙarfe ya bayyana, wannan aikin ne.

Yanzu ga lissafin da nake so kowa ya yi da ni, ba ya buƙatar boko. Injiniyan ya ce dekin gidan kwana ana tsara shi ne ya ɗauki kusan kilo 200 a kowace murabba'in mita, wato fili mai tsawon babban taki ɗaya da faɗin taki ɗaya. Buhun shinkafa mai kilo 50 in ka kwantar da shi, biyu ne za su cika wannan fili. Ka jera goma a sama, kamar yadda muka saba, buhu 20 ke nan, kilo 1,000. Ninki biyar na abin da aka tsara wa dekin. In buhun gero ne mai kilo 100, ku ƙarasa lissafin da kanku. Kuma duk wannan nauyi ta ginshiƙai zai sauka zuwa tushe.

Siton ƙungiyarmu an gina shi ne a matsayin ɗaki na ƙasa mai rufin kwano. Na bincika akwatin takardu kaf, ban sami zanen ginin ba, ban sami takardar da ta nuna zurfin tushensa ko kaurin rodin da ke cikin ginshiƙansa ba. Dattawan da suka tsaya a kan aikin sun yi iya ƙoƙarinsu da kuɗin da ke hannu a lokacin, Allah ya saka musu, kuma ba bene suka yi niyya ba. Shawarar da ke gabanmu ita ce a cire kwano, a zuba dekin, a riƙa ajiye buhuna a sama. Na san dalilin: wuri ya yi mana kaɗan, kuɗin hayar sito a waje yana cin ribar ƙananan 'yan kasuwa, musamman iyayenmu mata masu saro kaɗan-kaɗan. Ni ma ina so a sami wuri. Amma a ƙarƙashin wannan dekin 'yan dako za su riƙa kai da kawowa, a nan mai gadi yake kwana, a ƙofar nan masu abinci suke zama.

Ranka ya daɗe Shugaba, ga roƙona, kuma ina neman a rubuta shi cikin bayanan taro, tunda ni ne mai rubutawa ba zan manta ba. Kada a kaɗa ƙuri'ar bene yau. A ware kuɗi a ɗauko injiniya mai rajista, wanda ba shi ne zai karɓi kwangilar ba, ya haƙa gefen tushe ya gani da idonsa, ya ba mu amsa a rubuce. In ya ce tushen zai ɗauka, to buhuna su zauna a ƙasa, ofis da ɗakin taro su hau sama, kamar yadda aka yi hasumiyar Agadas, nauyi a gindi. In ya ce ba zai ɗauka ba, mu haƙura mu faɗaɗa ta filin baya, ko da ginin bai yi kyan da muke so ba. In kuma an zo zuba kankare, a sa mutum biyu daga cikinmu su tsaya a kan ƙidayar buhun siminti da ban ruwa. Kankare yana son a jiƙa shi aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Wanda ya ce a cire katako da wuri don a kai wani aiki, a ce masa ya jira.

Ina kuma ba da shawarar mu sa rana ɗaya kowace shekara, kafin ruwan farko, kowane reshe ya fito a yashe kwata, a duba indararo da kwano, a gyara gindin bango, a janye buhuna daga jikin bango a ɗora su a kan katako. Kuɗin wannan bai kai abin da muka biya na taimako a damina ɗaya ba.

Game da tsaga, ga abin da aka koya mini. Ƙaramar tsaga siririya a filasta ba lallai ta zama matsala ba. Ka shafa ɗan siminti marar kauri a kanta, ka rubuta kwanan wata a gefe. In ya sake tsagewa, ginin yana motsi, ka kira masani. Tsagar da ta tafi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko ƙofar da take rufuwa jiya yau ta ƙi, ko bangon da ya yi ciki, waɗannan ba na jira ba ne. In kuwa a jikin ginshiƙi ne, ko a ƙarƙashin dekin, ko ka ji ƙara, ko ƙasa tana zubowa, a fitar da mutane tukuna, a rufe ƙofa, kaya su jira. Ina roƙon a ba kowane mai gadi da kowane shugaban 'yan dako ikon rufe siton ƙungiya a irin wannan hali ba sai ya nemi izinin kowa ba, kuma kada a cire masa ko dala in daga baya aka ga ba komai.

Na bar takarda a teburin ƙofa. Duk wanda ke da tsaga a shagonsa ko sitonsa, ko a wane ɓangaren iyaka yake, ya rubuta sunansa da garinsu kafin ya tafi, don in injiniyan ya zo mu haɗa kuɗin mota ya zagaya gaba ɗaya. Ma'aji, fili naka ne bayan salla.